Kunyar ƴar fari

Mardiya ta baro Tahoua ta zo Lyon ta ƙasar Faransa a 2003 don karatun kimiyyar halittu, da niyyar ta gama ta koma. Karatu ya ƙare, aure ya zo, aiki ya samu a wani ɗakin bincike a Villeurbanne, gefen Lyon, komawa kuwa sai a baki. Mace ce mai kaifin harshe, amma abu ɗaya ba ta taɓa faɗa ba: sunan ƴarta ta fari. Haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Yarinyar sunanta Rékia, amma a bakin uwarta ita ce "ke" ko "yarinyar nan".

Rékia da ciwon sikila aka haife ta. Duk sanyin hunturu sai an kwantar da ita a asibiti, tana murƙususu, Mardiya na tsaye daga ƙafar gado, zuciyarta na ƙuna, fuskarta a ɗaure.

Shi ya sa da ita da mijinta Kamalu suka so ƙara haihuwa, suka nufi wani asibiti a Paris inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a waje, a duba, a dasa wanda ba shi da ciwon. An haɗa, an duba. Wasu lafiyayyu, wasu irin Rékia, waɗanda za a zubar. Kamalu ya tambayi wani malami a unguwar La Goutte d'Or ta Paris, aka ce masa tun da ba a busa rai ba, babu laifi. Shi ya samu natsuwa. Ita ko kaɗan.

A wurin aiki akwai Pascal, wanda uwarsa mutuniyar Laos ce, mabiyin addinin Buda. Shi ne mai ɗaukar gizo-gizo a kofi ya kai shi waje, Mardiya na yi masa dariya tana cewa wata rana sai ya ba sauro haƙuri. Ana gobe za ta tafi Paris a dasa mata ƙwan, ta tare shi.

"Pascal, a addininku, ƙwan da za a zubar ɗin, mutane ne?"

Ya ce, "A wajen malamanmu da yawa, rai yana shiga tun haɗuwar farko. Ba zan ɓoye miki ba."

Ta ce, "To kisa zan yi ke nan?"

"Ban ce ba. Buda rage wahala ya koyar, kuma niyya ake dubawa. Amma yakan sa mu tambayi kanmu, wahalar wa muke gudu? Ta yaron, ko tamu ta kallonsa?"

Ta ji haushi ƙwarai, don maganar ta taɓa inda yake mata ciwo. "Niyya ai mu ma muna da ita," ta ce. Ta juya za ta tafi.

"Kin gaya wa ƴarki?" in ji shi. "Shekaru muna aiki tare, ban taɓa jin sunanta ba."

"Al'ada ce."

"Ita ta san al'ada ce?"

Mardiya ta wuce abinta. Wa zai gaya wa yarinyar da ta tashi a Bron, a gefen Lyon, cikin ƴan makarantar da iyayensu ke sumbatarsu a bakin ƙofa, cewa shirun uwa so ne?

Washegari da safe akwati na bakin ƙofa, Kamalu na ta duba agogo don kada jirgin ƙasa ya wuce su. Rékia ta fito daga ɗaki, idanunta sun yi rawaya kamar yadda suke yi in ciwo na tafe. Ashe ta daɗe tana jin hirarsu ta bayan bango.

"Mama, za ku je ku zaɓo jariri marar ciwo?"

"Ke, wa ya gaya miki?"

"Ni da an duba ni, da kin zaɓe ni?"

Mardiya ta san amsar, aikinta ne. Da an duba, da wannan yarinyar tana cikin waɗanda za a zubar. Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, ta kasa fitar da ita.

"Ki bari mu dawo," Kamalu ya ce wa yarinyar. "Mardiya, randebu ne fa da likita, sai mu makara."

"Kira asibitin. A ajiye ƙwan a ƙanƙara, ba yau ba."

Ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban yarinyar, ta kama hannayenta masu sanyi.

"Da an duba, da ba a zaɓe ki ba. Da na yi asarar da ban ma san na yi ba." Sannan ta ce, "Rékia. Rékia, dube ni."

Yarinyar ta ɗago a hankali, ta daɗe tana kallon bakin uwarta.

"Ashe kin san sunana," ta ce.