Littafin Malam da Kotu Ta Hana

Mijina, Malam, ɗan jarida ne har ya yi ritaya. Da ya zauna gida sai ya ce zai rubuta tarihin wani ɗan unguwarmu ta Tudun Wada, wanda ya zama shugaban wani babban kamfanin manhajar waya a Legas. A gabanmu ya girma. Malam yana alfahari da shi ƙwarai, in an nuno shi a talabijin har ƙwala mini kira yake in zo in gani.

Ya nemi ganinsa bai samu ba, sai ya bi maƙwabta da tsofaffin malamansa. A nan ya ji cewa manhajar farko su biyu suka haɗa ta, shi da wani abokinsa da ke koyarwa a sakandare nan Sakkwato. Abokin ya zo da ƙafarsa, ya zauna a zaurenmu ya ba da labarin yana dariya, babu ƙorafi a bakinsa. Babi ɗaya Malam ya ba wannan magana. Sauran littafin duk yabo ne.

Littafin na fita, kamfanin ya kai ƙara, wai an ɓata wa shugabansu suna. Kotu ta hana sayarwa. Masu shaguna suka dawo mana da kwalaye, mai ɗab'i ya daina ɗaukar waya. 'Yarmu tana aiki a ofishinsu na nan garin, aka sallame ta ba tare da an faɗa mata laifinta ba. Malam ya daure, yana cewa ai yana da shaida.

Ana gobe za a zauna kotu abokin ya zo. Bai shiga zaure ba, a ƙofa ya tsaya cikin rana. Ina bayan labule ina jin su.

"Baba, ka yi mani gahwara," in ji shi. "Lauyoyinsu sun zo wurina. Na sa hannu ban taɓa magana da kai ba."

"Mi sunka yi maka?"

"Ba su yi komi ba tukuna. Amma ɗiyana ƙanana na."

Malam ya ce, "Tahi gida. Allah shi yi ma albarka."

Sulhu aka yi, bisa sharaɗin Malam ya fito a rediyo ya ce abin da ya rubuta ba gaskiya ba ne. Ina tankaɗe na ji muryarsa, na ajiye rariyar na zauna a ƙasa. Daga ranar ya daina zama majalisa. Masallaci kawai, sai ɗaki.

Da damina ya rasu. Ana zaman makoki sai ga mutanen kamfanin da buhunan shinkafa, suka ce maigidansu na ta'aziyya, Malam uba ne a wurinsa. 'Yarmu ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa na ce mun gode, na sa aka kawo musu ruwa.