Rigar Baba a bayan gilashi

Inna ta tsaya gaban gilashin, tana kallon rigar.

Rigar saƙi ce ta marigayi Baba, gadon kakansa. Gara ta fara cin ta a adakarmu a Illela, shi ya sa muka ba gidan tarihi. Sun baje ta a sanda, hannuwa a buɗe.

Ta ce wa ma'aikaciyar wurin, "Ɗiyata, ba haka Malam ke sa ta ba. Naɗe hannuwan bisa kafaɗa."

"Ki yi haƙuri Inna, wurin naɗin ne ke yagewa."

Sai a mota Inna ta ce, "Riga kam ta tsira, amma ban ga mai ita ba."

Da ku ne, za ku bayar?