Layin Ruwa Mai Zagaye

Har yau ban manta da wata Talata ba, a ranin farko da na kama aikin rabon ruwa a wani sashen gonaki tsakanin Kura da Bunkure. Aikina in rubuta wanda zai fara shan ruwa da mai bi masa, in kai wa Injiniya, shugabanmu, ya sa hannu, sannan a buɗe ƙofar magudana. Lissafi na karanta, don haka na ɗauka wannan wasa ne.

A ƙarshen layin akwai gonakin tumatir uku, dashen duk ya sunkuyar da kai kamar mai jin barci. Na tarar da masu su a tsaye: Garba, Alhaji Sale da Malam Idi.

"Garba, kai ne farko," na ce.

"Ni? In sha ruwa kafin surukina? Malama, so kike a daina gaishe ni a gari?"

Na juya ga Alhaji Sale, uban matarsa.

"Subhanallahi! A gaban Malam nake ɗaukar karatu. Shi ne farko."

Malam Idi, tsoho mai furfura, ya nuna Garba. "'Yata, wannan sunan mahaifina gare shi. Ban taɓa shiga gaban Babana ba."

Na zauna a bakin magudana na rubuta: Alhaji ya fi Garba, Malam ya fi Alhaji, Garba ya fi Malam. Ashe kowannensu ya fi kansa da kansa. A makaranta, in aka kawo irin wannan, cewa muke tambayar ce ba daidai ba. A nan kuwa tambayar tana tsaye a gabana da fartanya.

Na kira Injiniya a waya. Ya ce, "Duk wanda ya ƙi ruwa ba ya bukatarsa. Waɗannan sun ƙi. Saboda haka ba sa bukata. In azahar ta yi ban ga takarda ba, na juya ruwan zuwa wani sashe, sai kuma mako mai zuwa."

"Ranka ya daɗe, dashen ba zai kai mako ba."

"Dashen ne ya ƙi, ko su?"

Na daɗe ina kallon zagayen da na zana. Can sai na lura ashe kowa a cikinsa yana da wanda yake so ya yi wa hidima. Na ce, "To, kada kowa ya taɓa gonarsa. Kowa ya je ya buɗe wa wanda yake girmamawa hanyar ruwa."

Ban rufe baki ba suka zabura. Malam Idi ya tattare babbar riga yana gudu a kan kunya, yana cewa, "Babana, tsaya, kada ka riga ni!" Alhaji ya bar takalmi ɗaya a taɓo.

A takarda na ba kowa lamba ɗaya, na hau babur na kai ofis. Injiniya ya juya ta sama da ƙasa. "Ina na biyu?"

"Babu wanda ya yarda ya zama na ɗaya, ranka ya daɗe, sai da na ba su duka."

Ya sa hannu, aka buɗe ƙofar magudana. Kafin la'asar dashen ya ɗago kai.

Tun ranar, kafin in auna gona, sai na tambayi wa yake jin nauyin wa.