Rakiyar Malam Alhassan Zuwa Burazil

Duk Challawa an san Malam Alhassan, mai gadin wata masana'antar jima, da abu ɗaya: rakiya. In ka kai masa ziyara, to ka shirya, sai ya taka maka har rabin hanya. Kuma ba zai juya ba sai ka ce, "Malam, ku koma haka nan." Akwai baƙon da hira ta ɗebe shi ya manta bai faɗa ba, wallahi sai a ƙofar gidansa a Na'ibawa suka rabu!

Ana nan sai masana'antar ta zaɓi 'yarsa Nafisa, wadda ke sashen rina fata, za ta je koyon aiki a Burazil. Kai, ka ga murna! Malam Alhassan har masu kawo ɗanyar fata yake tarewa a ƙofa yana musu albishir, hancinsa ko warin bai ji.

Da farin cikin ya ɗan lafa, ya sami Gidiyon, direban masana'antar.

"Gidiyon, duba min a wayar nan taka. Daga filin jirgin Kano zuwa na Sawo Pawulo can Burazil, ina ne rabi?"

Gidiyon ya latsa, ya kwashe da dariya. "Baba, tafiyar ta haura kilomita dubu bakwai. Rabinta tsakiyar teku ne, sai dai ku tsaya a kan kifi."

Malam ya yi dariya shi ma, amma abin ya dame shi ƙwarai. Ya raka baƙon da bai san sunansa ba, sai 'yar cikinsa ce za ta tafi ita kaɗai?

Ranar tafiya ya saka babbar rigarsa ta Sallah. A ƙofar shiga filin jirgi aka tare shi, Nafisa kuwa ana ta kiran fasinjoji, ta ja jaka da gudu tana ɗaga hannu. Gidiyon da ya kawo su ya ce su tafi. Malam ya ce ina! Ai ba a sallame shi ba.

Ya samu benci wajen wani mai shayi a bakin filin, ya miƙe ƙafa. Duk wanda ya tambaye shi me yake jira, sai ya gyara hula ya ce, "Rakiya nake yi, Burazil." A masallacin wurin ya kwana. Kafin gari ya waye 'yan tasi sun raɗa masa suna Alhaji Burazil, shi kuwa yana amsawa baki har kunne.

Washegari da yamma wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, na sauka lafiya! Kuna ina? Ƙarar jirgi nake ji."

"Ina inda kika bar ni mana."

Sai ta ce, "Baba, ku koma haka nan. Rakiyar ta isa."

Sai a lokacin ya ji da gaske yarinyar ta yi nisa. Ya share ido da hannun riga, ya laluba takalmansa a ƙarƙashin benci.