Tsaunukan da Yaya Bai Kai Mu Ba

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran babban wanmu, yana zaune a kan benci a ƙofar ɗakin ajiyarsa, hannuwansa duk baƙin mai. Matarsa ce ta kawo masa ruwa, ta tarar ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. An yi masa sutura bayan la'asar.

Yaya, mutane sun zo sun faɗi alherinka, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni ma zan faɗa. Amma ka san halina, ban iya ɓoye abin da ke cikina ba, kuma maganar gaskiya ita ce har yanzu haushinka nake ji.

Kai ka riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ka kama tuƙin babbar mota tun gemunka bai fito ba, ka yi ta cin hanya don mu ƙannenka mu zauna a makaranta. Kai ka sa ni koyon ɗinki da ka ga boko ya ƙi ni, kuma kai ka fara sa rigar da na ɗinka, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ka je da ita ɗaurin aure ba ka ce komai ba. Kai ka koya mini keke, kana riƙe da sirdi kana gudu a bayana. Ranar da na faɗa cikin kwata, keken ka fara ɗagawa ka duba, sannan ka tambaye ni ko na ji ciwo.

Da ka ajiye tuƙi, ƙofar gidanka ta zama wurin gyaran keke na unguwa. Mai kai burodi, masu zuwa makaranta, tsohon maigadin nan da sarƙarsa ke zamewa kullum, kowa wurinka. Ba ka karɓar komai, sai dai mutum ya tsuguna ya koyi yin faci da hannunsa, in ya ƙi kuma ya ja kekensa ya tafi. Da mijin maƙwabciyarku ya rasu, 'yarta na neman barin makaranta saboda nisa, sai ka tattara tsofaffin ƙarafa ka haɗa mata keke, ka shafa masa fenti, ka ce wai dama yana cika maka ɗaki. Yarinyar ta zo gaisuwa, yanzu malama ce.

To, sai maganar tsaunuka.

Lokacin da kake tuƙi, akwai inda babbar hanya ke ratsa gindin wasu tsaunuka. Ka ce daga nan wata siririyar hanya ta ɓalle ta hau sama, ta ƙetare gadar katako da mota ba ta iya bi, ta shiga cikin gonaki da ƙananan ƙauyuka. Kullum kana ganinta ta gilashi, kullum akwai kaya a bayanka da mai jiran su. Ka yi wa babbar 'yarka alkawari, wadda duk gidan muke kira 'Yar Baba, tun tana zama a kariyar kekenka tana riƙe da rigarka, cewa wata rana za ka kwashe mu duka, da matarka da yara, da ni da nawa iyalin, mu shiga jirgin ƙasa da kekunanmu zuwa ƙaramar tashar da ke gindin tsaunukan, daga nan mu hau. Sharaɗinka ɗaya ne, ba mota. Ba wadda za ta kai mu, ba wadda za ta bi mu da kaya. Ka ce ka gaji da ganin duniya ta gilashi.

Shiri kam ka yi shi, ban hana ka wannan ba. Ka je kai kaɗai ka bi hanyar, ba sau ɗaya ba. Ka san inda rijiya take, ka san gangaren da sai an sauko an tura, ka san wani manomi da ya yarda mu kwana a rumfarsa, har ka san sunan karensa. Ka sa na ɗinka jakunkunan da za a ɗaura wa kekuna, ka dawo mini da su wai ɗinkin ba zai jure jijjiga ba, na farke na sake.

Abin da ya kashe mu shi ne igiya. Ka kafa ƙusoshi a bangon ɗakin ajiya, kowa da tasa. Kakan tsayar da mutum ba takalmi, ka auna shi da igiya daga ƙugu zuwa diddige, ka ƙulla, ka rataye a ƙusarsa. Da wannan igiyar kake daidaita sirdi, kuma ka rantse ba wanda zai hau tsauni a kan keken da ba daidai da ƙafarsa ba. Sai hutun makaranta ya zo, ka sake auna yara, ka tarar ƙullin ya matsa. Keken wannan ya yi masa kaɗan, sai a ba ƙaninsa, shi kuma a nemo masa wani. Kafin a samo a gyara yadda kake so, hutu ya ƙare. Wata shekarar kuma haka.

Na gaya maka, ban ɓoye ba. Na ce Yaya, yara girma suke yi, ba jiranka za su yi ba. Na ce ni tela ne, in na ɗinka wa yaro wando nakan bar masa ragowa a ƙafa, ban taɓa cewa ya zauna tsirara sai ya gama tsawo ba. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce keke ba wando ba ne. Matarka har ta daina ɗaukar maganar da gaske. In ka fara, sai ta ce to, Allah ya kai mu, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Muna cikin haka 'Yar Baba ta girma ta gama karatun jinya, ta fi ka tsawon ƙafa ko ta kusa, babu keken da ya yi mata a ɗakin. Sai ga aiki ya fito mata a wata ƙasa mai nisa, za ta tafi ƙarshen wannan hutun, kuma ba wanda ya san ranar dawowarta. Kowa ya gane cewa in ba a je bana ba, an gama. Kai ma ka gane. Amma a bara ne likita ya ce zuciyarka ba ta son wahala, ya hana ka hawan bene ma, balle tsauni.

Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarka na same ka a ɗakin ajiya da shawara, kuma har gobe ina ganin shawara ce mai kyau. Na ce a ɗauki ƙaramar mota ta kai ka ta ɗaya gefen, inda hanya ta fi sauƙi, ka jira mu a rumfar manomin, mu kuma mu hau da keke mu same ka. Ba ka ko ɗago kai ba.

"Na ce ba mota," in ji ka. "Kuma ban samo wa yarinyar keke ba tukuna."

Na ce maka wannan ba dalili ba ne, taurin kai ne, kuma za ka bar yarinya ta tafi da alkawari a wuyanka saboda igiya. Na fita ban yi maka sallama ba. Ban janye maganar ba, Yaya, don gaskiya na faɗa. Sallamar ce kawai nake so a ce na yi.

Bayan an share makoki, matarka ta ba ni mabuɗi ta ce in mayar da bencin ciki, ita ba za ta iya shiga ba. 'Yar Baba ta kama mini ɗaya gefen. Muka tarar da kekuna a jere a jikin bango, tayoyi cike da iska, sarƙoƙi sun sha mai, kowanne da jakarsa a ɗaure, kowanne da igiyar mai shi a rataye a hannunsa. Nawa na nan, na matata da na matarka na nan, na yara duka. Wannan ne karo na farko da na ga ɗakin nan babu keke ko ɗaya a kife.

A ƙarshen layi baƙin kekenka ne, wanda ba ka taɓa barin kowa ya ko buga ƙararrawarsa ba. Ka ɗaga sirdinsa kaɗan, wurin da ya saba zama ya bar zobe mai haske a jikin ƙarfen. Igiyar da ke hannunsa ta 'Yar Baba ce. Taka tana can a ƙusarta, ita kaɗai ta rage a bango.

Ashe haka ka warware matsalar. Ka samo wa yarinyar keke, ka kuma kiyaye sharaɗinka, ka cire kanka daga tafiyar ba ka yi shawara da kowa ba. Wa ya ce maka tsaunukan muke so? Ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga sallah, me zan je nema a kan dutse? Kai muke so mu gani a can, kana nuna mana rijiya, kana yi mana faɗa a kan birki. Shekara da shekaru kana auna ƙafafunmu, wannan kaɗai ka kasa aunawa.

Na ce wa 'Yar Baba tunda abin ya zama haka, sai mu ɗauki mota mu je mu ga wurin mu dawo, ko don a ce an je. Ta ɗora hannu a kan sirdin baƙin keken.

"Baffa," ta ce, "ba mota."

Jininka ce, ba yadda zan yi da ita. Matarka ma ta ce za ta, ita da ta yi shekaru tana yi maka dariya.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta maka kurakuranka, har da taurin kan nan. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya sanya kowane keke da ka gyara wa bawansa a mizanin alherinka. Allah ya sauƙaƙa maka hawan da ke gabanka, ya haɗa ka da Baba da Inna a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi haƙuri da kai fiye da mu duka, da 'Yar Baba da ƙannenta, da 'yan'uwa, da maƙwabta waɗanda yanzu dole su yi facinsu da kansu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar Asabar za mu tashi, in Allah ya yarda. Na sake auna yaran, ƙaramin ɗana ya ɗan wuce ƙullinsa. Haka zai hau.