Man gwiwar Inna Ƙaltume

Duk wanda ya sake cewa a gabana wai Inna Ƙaltume ta rasu da kunyarta, wallahi sai mun ɓata. Sau uku na ji an faɗa a zaman makoki, ana gyaɗa kai kamar wani abin yabo, na haɗiye don idon mutane. Yau kam ba zan haɗiye ba.

Sunana Saudatu, ma'aikaciyar sashen magani ce ni a wani asibiti mai zaman kansa a nan Madina. Shekara shida muna hawa ɗaya da Inna a wani bene a unguwar Azizya, ƙofarta na kallon tawa. Daga Damagaram ta zo tana 'yar shekara goma sha tara, ita da mijinta Usmanu tela, suka sauke farali suka zauna. Ya rasu yara suna ƙanana, ita ta riƙe gidan da tanda da tukunya. Duk Bahaushiyar da ta haihu, daga Azizya har Ranuna, ta sha kunun kanwar Inna. Ta san wadda nononta ya kumbura, ta san wadda jini ya ƙi tsaya mata, kuma ita ce mai daka tsawa: "Tashi mu je asibiti! Ke mahaukaciya ce?" A kan jikin 'ya'yan wasu bakinta ba ya nauyi ko kaɗan.

Ɗanta na fari Lurwanu yana aikin lodin kayan alhazai a filin jirgi. Ɗan albarka ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ke mata cefane, shi ke kai ta Harami, ko jaka ba ya barin ta ɗauka. Haihuwar nan ne, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ita kuwa Larabcinta na cinikin albasa ne. Kuma tana masa kunyar ɗan fari irin ta mutanen da: ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "wancan", in ta sake da yawa ta ce "baban Hanan". In ya shigo tana cin abinci sai ta rufe kwano. Dariya muke yi mata, har da ni, muna cewa Inna ta kawo Damagaram cikin akwati.

Tana da shekara sittin da biyu jini ya dawo mata, bayan shekara goma sha biyu da ɗaukewa. Sai daga baya na san yadda abin ya bi.

Wurin karatun mata na ranar Alhamis ta fara kai maganar. Ta ce wata maƙwabciyarta ce ke tambaya. Malama ta amsa daidai: ba haila ba ce, jinin ciwo ne, ta wanke, ta yi alwala kowace salla, kada ta bar ibada. Amsar ba ta da aibu. Amma mata talatin a zaune, wasu da digiri a bangon falo, suka ji an ce jinin ciwo da kunnensu, ba wadda ta ƙara da cewa to mai ciwon ta ga likita. Haba jama'a! Aka shafa fatiha aka raba shayi.

Ita dai ta san jikinta ba daidai yake ba. 'Yarta na aure a Jidda, surukarta ba ta jin Hausa, don haka ta ce wa Lurwanu ya kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Ya kai ta, ya riƙe mata jaka, ya shiga da ita, ya ja kujera ya zauna don ya fassara. Likita ta tambaya, ya juyo: "Ummi, ina ke ciwo?"

To ku gaya mini. Matar da ba ta iya kiran sunan yaron nan, yanzu ta buɗe baki ta gaya masa inda jini ke fito mata, shi kuma ya ɗauka da bakinsa ya miƙa wa baƙuwa? Ta sunkuyar da kai, ta ɗora hannu a gwiwa. Ya ce wa likita gwiwa ce. Tsohuwa, mai jiki, mai wuni a gaban tanda, wa zai yi musu? Aka rubuta man shafawa.

Ta koma, ta sake komawa, kullum tana fatan aiki ya riƙe shi ko ya tsaya a mota ta samu wata mai Hausa a layi. Shi kuwa sai ya yi musayar aiki da abokinsa don kada uwarsa ta shiga ita kaɗai. Unguwa na ta sa masa albarka. Haka suka yi shekara ɗaya da rabi.

Kada ku zaci na wanke kaina. Wata biyar tana tare ni a bakin ƙofa: "Daktora, ki taho mini da audugar mata, babba. Wata baƙuwa ce 'yar umra ta sauka wurina." Ni da na yi karatun, ni da nake ganin leɓenta yana fari, na riƙa kawowa ina gaishe da baƙuwar da ban taɓa ganin takalminta ba. Tir da ni. Na ga alama, amma tsohuwa ce sa'ar uwata, na ji nauyin tambaya. Cutar da ke cin ta ni ma ta ci ni.

Wata safiya na kai mata audugar, ta miƙe daga farar kujerar robar da take suya a kai, na ga kujerar. Ta ga na gani.

"Inna, baƙuwar nan ke ce ko?"

"Rufa mini asiri, 'yar nan."

"Tun yaushe?"

"Tun azumin da ya wuce wancan."

Ban san lokacin da na ɗaga mata murya ba. Na ce, ke da kike jan matan mutane asibiti da ashar? Ta ce, a hankali, tana goge kujerar da gefen zane: "Na je ai. Sau nawa na je. Wancan ne ba ya fita."

Washegari na kai ta wurin Dakta Surayya, likitar mata 'yar Zariya da muke aiki tare. Lurwanu ne ya tuƙa mu, ya ɗauki jaka zai bi ta ciki kamar kullum. Na tsaya a ƙofa na ce nan za ka zauna. Ransa ya ɓaci, ya ce da Larabci ai shi ne ɗanta. Na ce shi ya sa.

Minti goma Inna ta yi tana magana da Hausa, ba ta ɓoye komai ba. Minti goma kacal, abin da aka rasa shekara ɗaya da rabi. Da sakamako ya fito, ciwon dajin mahaifa ne, ya riga ya bazu. Surayya ta ce mini da ta zo a watannin farko, da an cire mahaifar, mai yiwuwa da tana nan tana suyar masarta. Inna ta yarda a gaya wa Lurwanu sunan ciwon, amma sai bayan ita ta bar ɗakin. Wata bakwai ta ƙara. An rufe ta a maƙabartar Baƙi'a, ana ta cewa ta dace, Allah ya sa haka ne. Ni dai na san da sauran ƙarfinta.

Mako biyu da rasuwar, Lurwanu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan la'asar, da leda a hannu. Ya ce suna kwashe kayanta ne ya samu a cikin babbar tukunyar kunu, lokacinsu bai wuce ba, ko zan ba mabuƙata. Na buɗe. Man gwiwa ne, kwali goma sha ɗaya, ko ɗaya ba a fasa ba.

Bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon ledar, sai ya yi mini Hausa, karo na farko a shekara shida, Hausar tana tuntuɓe.

"Anti, gwiwar Ummi... ta taɓa ciwo?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma rufa-rufar ta ishe mu haka. Na ce ba ta taɓa ba.

Ya ce, "Ni na ce wa likita gwiwa."

Na ce ba kai kaɗai ba ne, amma ya riga ya juya yana sauka. Ledar tana nan bayan ƙofata, har yau ban ba kowa ba.