Ranar da Muka Yi wa Mai Rai Addu'ar Mamaci

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan abu. Sau da yawa nakan fara in goge, don ina tsoron kada in faɗi abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin mutanen da wasunsu yanzu ba su da rai. Karatuna kuma bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun. Amma akwai saƙo a wuyana, shi ya sa yau na daure.

Shekarun baya, abokina, wanda malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya buɗe ɗan ɗakin karatu a unguwar Bromakoté, nan Abidjan. Ɗaki ɗaya ne a bakin wani gida, da kantocin katako jikin bango. Rabin littattafan na Faransanci ne, rabi na Hausa waɗanda 'yan kasuwa ke taho mana da su daga Kano a cikin kayansu. Ɗakin na maigidana ne, Alhajin da nake yi wa aiki a magazensa, wato rumbun ajiyarsa na shinkafa, a Treichville, kusa da tashar jirgin ruwa. Ni na roƙe shi ya ba mu aro, saboda yaranmu da aka haifa a nan Hausarsu na tsinkewa, ka yi musu magana su amsa maka da Faransanci. Ya bayar, amma bai taɓa sakin jiki da abin ba. Duk sanda kaya suka cika magaze sai ya dube ni ya ce, "Ɗakin tatsuniyar nan naku, buhu nawa zai ci?" Ranar da ya faɗi haka ba na iya cin abinci.

Sai wata marubuciya daga Damagaram ta zo ganin yayanta a Williamsville. Abokina ya je ya roƙe ta ta zo ranar Lahadi bayan la'asar, ta karanta mana wani abu daga littafinta, a tattauna. Ta yarda. Da na kai wa Alhaji gayyata sai ya ce, "Zan zo da kaina in ga abin da kuke yi. In na ga amfani, ku ci gaba. In ban gani ba, ƙarshen wata ku kwashe takardunku."

Wannan makon babu abin da ban yi fargabarsa ba. Na ji tsoron ruwan sama. Na ji tsoron a ɗauke wuta fanka ta tsaya. Na ji tsoron kujerun roba da muka aro, har sai da na zauna a kan kowace ɗaya na jijjiga, kada ta karye da wani dattijo. Abokina ya ce, "Kai dai in babu abin damuwa, sai ka je kasuwa ka sayo." Duk da haka, abin da ya faru ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Ranar mutane suka zo fiye da zato, har muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Alhaji ya zo da abokansa, yawanci dillalan shanu da mahauta, dattawan da ba su taɓa shiga ɗakin ba. Samari da 'yan mata suna baya a tsaye. Malama marubuciyar ta gaishe da kowa, ta buɗe littafi ta fara.

Labarin da bakin wata yarinya aka rubuta shi. "Mahaifina ya tafi Abidjan da shanu ina ƙarama," haka ya fara. Yarinyar na jiransa shekara da shekaru, duk motar da ta tsaya a tasha sai ta je dubawa, har ranar da wani ya zo ya ce zazzaɓi ya kashe shi a masauki, an binne shi a can. Malama ta iya karatu. Ko tari ba ka ji. Da ta rufe littafin, abokina ya miƙe ya ce yanzu lokacin tambayoyi ne.

Alhaji ya ɗaga hannu, ni na zaci tambaya zai yi. Sai ya ce, "Wace tambaya kuma? Baiwar Allah ta zo garin da ubanta ya rasu, ku ce tambaya? 'Yata, sannu da haƙuri. Jama'a, a yi masa addu'a."

Dattawa duka suka ɗaga hannu. Liman ɗin unguwa ya ja addu'a mai tsawo, Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Matan Jula maƙwabta da ke leƙe ta ƙofa suna ta cewa, "Yako, yako," wato sannu da haƙuri. Wata budurwa a bayana ta ja mini riga ta ce, "Kawu, roman ne fa, ba da gaske ba ne. Ka gaya musu mana." Na san ƙagaggen labari ne, abokina ya gaya mini tun farko. Amma wa ke katse liman a tsakiyar addu'a? Hannuna a sama, ina tunanin ko amin ɗin da nake cewa halal ce.

Ana shafawa, wani mahauci ya ce, "Malama, a wace shekara ne? Wa ye mai masaukinsa? Mu nan babu baƙon shanun da ba mu sani ba."

Malama ta ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Mahaifina yana nan da ransa a Damagaram, ko jiya mun yi waya. Tela ne, bai taɓa kiwon ko akuya ba. Labarin ni na tsara shi."

Wani yaro ya fashe da dariya, aka harare shi. Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Wato kin kashe ubanki a takarda, mu kuma kin sa mun binne shi?"

"Ba mahaifina ba ne, Alhaji, na yarinyar cikin littafin ne."

"Ita yarinyar tana ina?"

"Babu ita."

"Babu ita, babu ubanta, babu shanun." Ya juyo ya neme ni da ido har ya same ni a bayan fanka. "Kai, abin da kuke koya wa yara ke nan a ɗakina? A zauna a shirya ƙarya da kyau har dattijo ya yi hawaye?" Ya fara laluben takalmansa. Ni a raina na riga na fara tunanin kwalayen da za mu zuba littattafai.

A nan ne wani tsoho ya yi magana. Tsohon dillali ne a mayankar Port-Bouët, aminin Alhaji tun suna samari, shi kaɗai ke iya ce masa kai. Ya ce, "Kai, zauna. Kullum sauri kamar za a rufe kasuwa. Ita ta ce babu shi, ni na ce akwai shi, don a ɗakina ya mutu."

Ya ba da labari a taƙaice. Tun lokacin da ake kawo shanu a jirgin ƙasa, wani baƙo ya sauka a wurinsa. Bai yi mako ba zazzaɓi ya kwantar da shi, ya cika. Abokan tafiyarsa sun riga sun juya. Ba waya a lokacin. Dillalin da maƙwabtansa suka yi masa sutura suka kai shi maƙabartar Williamsville. Dillalin ya aika saƙo ga danginsa ta bakin direbobi, bai taɓa samun amsa ba. "Tana karantawa ina ganin fuskarsa," in ji shi. "Ni da na ɗaga hannu, shi na yi wa addu'a. Shekara nawa ban tuna shi ba sai yau."

Malama ta ce, "Baba, wallahi ban san shi ba."

"Na sani, 'yata. Ai ba shi kaɗai ba ne."

Sai ga wani ya ce shi ma ya san wani mai goro da ya rasu haka a Adjamé. Wani ya ce kawunsa ya tafi Kumasi bai dawo ba. Tattaunawar da abokina ya yi ta shiryawa da tambayoyinsa na lakwal, ba ita aka yi ba. Dattawa ne ke magana, yaran da ba sa son Hausa suna matsowa suna tambayar me aka ce. Har aka kira magariba.

Alhaji ya sa takalmi. Ya ce wa Malama ta gaishe da mahaifinta, ta ce masa mutanen Abidjan sun yi masa addu'a da wuri, ya ajiye ta sai ranar da ya buƙata. Sannan ya ce da ni, "Ɗakin na nan. Amma tunda ku masu rubutu ne, ku rubuta na gaskiyar. Ku nemo dangin mutumin nan, su san inda yake kwance."

Ɗakin na nan har yau, ana kuma ci gaba da gayyato marubuta. Abin da ya canza shi ne, kafin kowa ya buɗe littafi nakan miƙe in sanar ko labarin ya faru ko tsarawa aka yi. Yara na yi mini dariya, ni dai ba na fasawa. Na kuma daina ɗaukan irin waɗannan littattafai a matsayin abin rage lokaci kawai, tunda na ga ɗaya ya tono mamacin da kowa ya manta.

Sharaɗin Alhaji ne ban cika ba. Na tambayi direbobi, na tambayi baƙi a tasha, ban dace ba. Tsohon ya rasu, Alhaji ma ya rasu. Sunan baƙon ya ɓace wa tsohon, amma ga abin da ya iya tunawa: mutumin dogo ne, daga wajen Tasawa, yana da tabon ƙaho a hannun hagu, kuma ya ce ya baro 'ya mace da ba a daɗe da yayewa ba. Idan tana raye, yanzu ta yi jikoki.

Don Allah, duk wanda ya san gidan da mahaifinsu ya tafi Abidjan da shanu bai dawo ba, ya yi mini magana. Tsohon ya nuna mini wurin kafin ya rasu, zan iya kai su.